Darasi na 9: Tayin Ƙarya a Kasuwar Hannun Jari

Duk wanda ya taɓa shiga kara a Wudil ranar Juma'a ya san wannan wasa. Kana cikin cinikin sa, sai wani ya matso, ya shafa tozo, ya taya sama da kai. Ba saye zai yi ba. Bakinsu ɗaya da mai san, so suke ka ruɗe ka ƙara. Malamai suna kiran wannan najashi, kuma Annabi (SAW) ya hana shi.

Hannun jari wani kaso ne na mallakar kamfani. Ana cinikinsa a kasuwar NGX ta Legas, wadda aka kafa a 1960, ta hannun dillalai masu lasisi. A can ma akwai najashi, sai dai ba ka ganin fuskar mai yi.

Dokar zuba jari ta 2025, wadda ta gaji ta 2007, ta haramta a nuna wa jama'a ciniki ko farashin da ba na gaskiya ba. Misali, mutum ya sayar da hannun jari da hannun dama ya saye da hagu, kaya ba su bar wurinsa ba, amma allon farashi ya nuna kasuwa na ci. Ko wasu su tara na wani ƙaramin kamfani da araha, su baza ji-ta-ji-ta a WhatsApp cewa wai ya samu babbar kwangila. Mutane su yi caa a kai, farashi ya hau, su kuma su sauke nasu su zame. Wannan ya fi cin irinmu na karkara, tunda labarin yakan zo ne ta bakin ɗan'uwa, shi ma yaudararsa aka yi. Haka kuma ƙaryar da za ta karya farashi don a saye da arha laifi ce.

Wani dattijo a aji ya ce, "Allah gafarta Malam, to ni da nake sayen gero da kaka in sayar da damina fa?"

Na ce, "Baba, kai ba ka yi wa kowa ƙarya ba. Hawan farashi ba laifi ba ne. Abin da doka take bi shi ne yaudarar da aka kitsa da gangan."

Hukumar SEC, wato hukumar gwamnati mai kula da kasuwar hannun jari, ita ce mai sa ido. Tana cin tara, tana dakatar da dillali ko ta ƙwace lasisinsa, magana kuma tana iya kaiwa kotu. Kafin ka ba dillali ko sisi, sa yaro ya duba maka sunansa a shafin hukumar na intanet, kuma ka adana takardar ciniki.

Aiki: Ka sayi hannun jari 1,000 a kan naira 20 kowanne. Masu ji-ta-ji-ta suka janye, ya dawo naira 4. Rubuta asararka da lamba, sannan da kalmomi.