Ƙurar Hunturu da Garmahon DJ: Yadda Ake Gano Matsalar Sauti a Gyara

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, DJ ɗin da ya kafa kayansa a rumfar biki a Zariya ko unguwar Bagalam ta Maraɗi ba ya kai la'asar sai baƙin faifansa ya koma ruwan ƙasa. Ga iskar hunturu, ga rairayin da masu rawa da ƴan kabu-kabu ke tayarwa. Sai waƙa ta fara tsalle, ko ta ja kamar an riƙe ta, a ɗora laifi a kan kwamfuta alhali ba ruwanta.

Faifan da ake amfani da shi a manhajojin DJ irin su Serato, Traktor ko rekordbox babu waƙa a cikinsa, waƙar tana cikin kwamfuta. Wani sauti ne siriri mai tafiya bai ɗaya, a na Serato yana kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, kuma da shi kwamfuta ke gane saurin faifai, inda ya nufa, da wurin da allura take. Shi ya sa ƙura ba ta ba ka ƙaras-ƙaras irin na tsohon faifan garmaho. Abin da take yi shi ne rikita lissafin kwamfuta.

Saboda haka kada ka dogara da kunne. Buɗe shafin saiti na manhajar ka dubi zoben da siginar faifai ke zanawa. Idan komai lafiya, zoben zagayayye ne tas, kuma a Serato adadin da ke gefensa ya kamata ya wuce kashi 85 cikin 100. Idan gefen zoben ya yi gashi-gashi, datti ne a allura ko a faifai. Idan ya koma miƙaƙƙen layi, ɓangare ɗaya na sautin, hagu ko dama, ya yanke a hanya. Waƙa mai tafiya da baya kuwa ba aikin ƙura ba ne, an sauya jar waya da fara ne wajen haɗawa.

Fara da allura, don mafi yawan lokuta a nan matsalar take. Ɗaga hannun garmaho ka haska bakin allurar da tocilar waya. Za ka ga ɗan curin gashi da ƙura kamar auduga ya naɗe ta, ya ɗaga ta daga ramin faifai. Share shi da ɗan burushin allura daga baya zuwa gaba, wato yadda faifai ke wucewa ƙarƙashinta, sau uku ko huɗu. Kada ka share daga gefe zuwa gefe, siririn ƙarfen da ke riƙe da ita zai lanƙwashe. Kada ka hura da baki, danshin numfashi yana mayar da ƙura taɓo. Alkol ma ka nisanta shi da nan, yana iya narkar da gam ɗin da ya riƙe bakin allurar.

Akwai al'adar da ya kamata a bari: ɗora kwabo a kan allura don ta daina tsalle. Kowace allura da nauyin da aka tsara mata, yawancin na DJ tsakanin giram 3 da 4, yana rubuce a takardarta. In ka ƙara nauyi a kan faifai mai yashi, niƙa kake yi, allura da faifai duka za su ci juna.

Sai faifan kansa. Busasshiyar iskar hunturu tana sa roba ta riƙa jawo ƙura da kanta, kuma goge shi da gefen riga ƙara abin yake yi. A wurin aiki, sa burushin faifai mai laushi a kai yana juyawa, zagaye biyu ko uku, sannan ka janye shi a hankali zuwa baki. A gida kuwa wanki yake so: kashi huɗu na tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, kashi ɗaya na alkol ɗin farmasi, a ɗan jiƙa ƙyalle mai laushi a bi zagayen ramin. Tabbatar ruwan batirin ba mai asid ba ne. Ruwan pampo da na rijiya suna barin farin gishiri in sun bushe. Ka kuma kakkaɓe ƙyallen da ke ƙarƙashin faifai nesa da kaya, ma'ajiyar ƙura ce. Idan bayan wanki zoben yana lalacewa a minti ɗaya na farko kawai, wurin ne ya cinye saboda yawan gurzawa. Juya ɗaya gefen. A faifan Serato gefen A minti 10 ne, gefen B minti 15.

Miƙaƙƙen layin nan yana son natsuwa. Kwance kan allura daga hannun garmaho. A bayansa akwai ɗigo huɗu na ƙarfe, a cikin hannun kuma ƴan sanduna huɗu masu sifirin. Ƙura tana shiga ta hana ɗaya fitowa. Goge ɗigon da abin share rubutun fensir, sandunan kuma da audugar kunne da aka ɗan tsoma a alkol, kana danna kowace ka ga ta dawo. Masu lasar ɗigon da harshe suna samun sa'ar dare ɗaya, daga baya yawu ya ci ƙarfen. Duba ƙananan wayoyin nan huɗu: fara da shuɗiya na hagu ne, ja da koriya na dama. Hanya mafi sauri ta gane mai laifi ita ce musanya kan allura tsakanin garmaho biyu. In matsalar ta bi shi, shi ne. In ta tsaya, bi wayoyi har mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ka zare ka goge ka mayar, ka ɗaure siririyar wayar ƙasa da ake rubuta wa GND tamau, don sakinta ne ke kawo gurnanin da ke girgiza zobe.

Wani lokaci zoben yana da kyau amma sauti na yankewa bayan awa ɗaya ko biyu. To wannan karon kwamfuta ce: ƙura ta toshe fankarta, ta yi zafi, ta rage gudu. Kashe ta, tare fankar da tsinke kada ta juya, a hure ta da abin hura iska na masu gyara. Ɗora ta kan abin da iska ke bi ta ƙarƙashi, ba kan dardumar teburi ba.

Idan abin ya same ka ana tsakiyar rawa, mayar da ɓangaren garmahon da ya samu matsala zuwa saitin INT a manhajar, waƙa za ta ci gaba ba tare da faifai ba, ka share allura, ka koma REL, saitin da waƙa ke bin motsin faifai kawai. A fili mai ƙura REL ya fi ABS, saitin da waƙa ke bin wurin da allura take, domin a REL ko allura ta yi tsalle waƙa ba ta barin wurinta. Tun kafin a fara, a yayyafa ruwa a filin rawa, a juya teburi ya ba gabas baya, a ɗaga shi daga ƙasa. Ana tashi, faifai ya koma rigarsa, allura ta sa hularta, garmaho ya shiga akwati kafin a fara naɗe tabarmi.