Yadda Ake Zaɓen Agogon Alfarma Wanda Za Ka Ɗaura Kullum

Agogo mai tsada na farko da na saya bai cika wata shida a hannuna ba. Siriri ne, mai farar fuska da madaurin fata, ga shi yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani lafiya lau. Wata rana bayan sallar Asuba na duba lokaci sai na ga raɓa ta lulluɓe gilashin ta ciki. Da mai gyara ya buɗe bayansa ya miƙo mini tabaran da yake maƙalawa a ido, na ga tsatsa ta fara cin ƙananan ƙafafun injin, ja-ja-ja kamar garin barkono. An rubuta mita 30 a bayan agogon, ni kuwa na ɗauka har rijiya zan iya shiga da shi. Ruwan alwala kawai ya kashe shi.

Tun daga ranar na daina zaɓen agogo da suna ko da ƙyalli. Agogon da za a ɗaura kullum, yinin mutum ne ke zaɓensa. Ga yadda nake bi.

Mataki na 1: Fara da ruwa

Lissafa sau nawa hannunka ke taɓa ruwa daga safe zuwa dare: alwala sau biyar, wanke hannu kafin cin abinci da bayansa, zufar watan Afrilu, yayyafin damina. Yawancin masu rubutu kan agogo ba sa lissafa alwala, mu kuwa ita ce ta farko a lissafinmu.

Lambar da ake rubutawa a bayan agogo ba zurfin da za ka nutsa ba ne, awon matsin ruwa ne da aka yi a ɗakin gwaji, agogon yana zaune wuri ɗaya, robobinsa sababbi fil. Mita 30 na nufin feshin ruwa kaɗan. Mita 50 ya ɗan fi, amma ni ba na sakin jiki da shi. Daga mita 100 ne hankali ke kwanciya, ka yi alwala, ruwan sama ya dake ka, har iyo ka yi. Saboda haka ƙa'idata ita ce, agogon kullum kada ya gaza mita 100.

Duba kuma ɗan kan da ke gefe, wanda ake murzawa a saita lokaci. Ta nan ruwa da ƙura suka fi samun ƙofa. Nemi wanda ake ɗaurewa kamar noti. Kamfanin Rolex ne ya yi suna da wannan dabara a 1926 da gidan agogon da ya kira Oyster, wanda aka ɗaure bayansa da kansa tamau. Shekara guda bayan haka wata 'yar Ingila, Mercedes Gleitze, ta shafe sama da awa 10 tana iyo a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa ɗauke da shi, aka fito yana aiki. Abin da ya tare ruwan gishiri zai tare ƙurar hunturu, wadda ita ma ba ƙaramar abokiyar gabar inji ba ce.

Wani zai ce ai sai ya riƙa cirewa in zai yi alwala. To, haka ne, kuma da yawa suna cirewa don ruwa ya game hannu. Sai dai agogon da ake ajiyewa a gefen famfon masallaci sau biyar a rana, wata rana can za a baro shi. In ka cire, jefa shi a aljihun gaba, kada ka aje a ƙasa.

Mataki na 2: Ƙarfe da madauri

Ga namiji Musulmi maganar zinare ta ƙare tun kafin a fara, tunda malamai sun yi bayanin haramcinsa ga maza. Wannan ya haɗa da mai ruwa biyu, wato rabi ƙarfe rabi gwal, kuma a kula, akwai farin gwal da ido ba ya bambanta shi da ƙarfe. Wasu agogunan Datejust na Rolex da ake gani farare tas, zoben da ya kewaye gilashinsu mai tsaga-tsaga ɗin nan na farin gwal ne. In kana son kauce wa shubuha, ɗauki mai zobe sumul. Mata kam filin nasu ne.

Ko ba don addini ba, ƙarfe mara tsatsa ya fi dacewa da aikin yau da gobe. Zinare na da laushi, yana saurin karcewa, kuma yana kiran idon da ba ka gayyata ba a cunkoson kasuwa ko a danja.

Madaurin fata kyakkyawa ne, amma a ƙasar zafi bai da tsawon rai. Zufa na shiga cikinsa, ya yi baƙi, ya yi wari, ya tsattsage. Madaurin ƙarfe kuwa sabulu kaɗan da tsohon buroshin haƙori sun ishe shi. Ka tambaya ko maƙullin yana da wurin ƙara faɗi ba tare da kayan aiki ba, domin hannu na kumbura da tsakar rana ya saɓe da dare. Gilashin ya zama na safaya, wato wani nau'i mai tsananin tauri, wanda cikin abubuwan yau da kullum ba kasafai ake samun mai karce shi ba.

Mataki na 3: Mai inji ko mai batir

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Suna zaton tsada na nufin daidaiton lokaci, alhali ba haka abin yake ba. Tun da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron a watan Disambar 1969, agogo mai batir ya wuce mai inji wajen daidaito, kuma har gobe na dubu biyar a bakin titi zai iya kayar da na miliyoyi a wannan fanni. Abin da kake saye a agogo mai inji shi ne aikin hannu da daɗewa. Ƙananan ƙarafa sama da ɗari ne ke aiki tare ba wuta ba batir, kuma in ana kula da su za su kai ga jikanka.

Mai inji iri biyu ne. Akwai wanda kake wanawa da hannu kowace safiya, akwai otomatik, wanda wani ɗan faifai mai nauyi a cikinsa ke juyawa da motsin hannunka yana ɗaure masa zaren ƙarfen da ke ba shi ƙarfi. Don ɗaurin kullum, otomatik ya fi sauƙi.

Tambayoyi uku za ka yi wa mai kanti. Na farko, awa nawa yake yi a ajiye kafin ya tsaya? Tsofaffin injuna kan yi wajen awa 40, sababbin Rolex da Tudor da dama na kai awa 70, wato ka aje shi daren Juma'a ka ɗauka safiyar Litinin yana tafiya. Na biyu, yana da shaidar daidaito? Hukumar COSC ta Suwizalan ba ta ba da shaida sai injin bai yi lattin da ya wuce daƙiƙa 4 ko saurin da ya wuce daƙiƙa 6 a rana ba, Rolex kuma ya matse nasa zuwa daƙiƙa 2 ta kowane ɓangare. Na uku, yaya yake da maganaɗisu? Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba. Lasifika, murfin kwamfutar cinya, maɓallin jaka, duk suna da maganaɗisu, kuma da zarar ya kama siririn zaren da ke daidaita bugun injin, sai agogo ya kama gudu, ya ƙara mintuna a rana. Injunan Omega masu shaidar Master Chronometer an gwada su a kan gaus 15,000 (gaus shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), wanda ya zarce duk abin da za ka haɗu da shi a gida ko a ofis nesa ba kusa ba.

In kai mutum ne da ba ya son ɗawainiya, babu abin kunya a mai batir. Cartier da Grand Seiko duk suna yin masu kyau.

Mataki na 4: Auna hannunka

Zagaya tsintsiyar hannunka da zare, ka auna shi da tef ɗin tela. In ta kama santimita 15 zuwa 17, faɗin milimita 36 zuwa 39 ne naka. In ta haura haka, 40 ko 41 ba laifi. Ƙahonnin da madauri ke maƙalewa kada su leƙo waje da faɗin hannunka. Kauri kuma kada ya wuce milimita 12 ko 13, in ba haka ba hannun kaftani mai maɓalli zai riƙa tokarewa a kansa duk yini. Ka je kanti sanye da irin kayan da ka saba sawa, ka ɗaura, ka tsaya nesa da madubi ka kalli kanka gaba ɗaya. Hoton waya na ƙara wa agogo girma, gani ya kori ji.

Mataki na 5: Yanzu ka kalli sunaye

Shawarata ita ce a zaɓi tsohon samfuri mai tarihi, dalilina shi ne, fasalin da ya shekara 60 ko 70 ana sonsa ba zai tsufa a hannunka cikin shekara biyar ba, kuma kayan gyaransa ba sa yankewa.

Datejust na Rolex ya fito a 1945, da ɗan tagar kwanan wata a wurin ƙarfe uku. Mai milimita 36 ɗinsa, a ganina, shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Yana hawa babbar riga ranar Idi, yana hawa riga da wando ranar aiki, kuma yana jure mita 100. Explorer, shi ma na Rolex, wanda ya zo a 1953, shekarar da aka fara hawa ƙololuwar dutsen Everest, baƙar fuska gare shi da lambobi 3, 6 da 9 kawai, ba ya ihu, sai wanda ya sani ne zai gane shi. In da ni za a tambaya, shi zan ɗauka. Matsalar Rolex ɗaya ce, sau da yawa sai ka yi rajista a kanti ka jira.

Seamaster Aqua Terra na Omega na jure mita 150, ga kariyar maganaɗisun da na ambata, kuma galibi za ka shiga kanti ka fito da shi a ranar. Speedmaster, wanda Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a 1969, ya fi shi tarihi, sai dai na asalin da hannu ake wana shi kuma mita 50 ne.

Santos na Cartier mai kusurwa huɗu ne, Louis Cartier ya ƙera shi a 1904 don abokinsa matuƙin jirgin sama ɗan Birazil, Alberto Santos-Dumont, wanda ke son duba lokaci ba tare da ya saki sitiyari ya laluba aljihu ba. Na yanzu na jure mita 100. Ɗan'uwansa Tank na 1917, da Reverso na Jaeger-LeCoultre wanda aka yi a 1931 don 'yan wasan folo a Indiya, mai fuskar da ake kifewa don kada sanda ta fasa gilashi, da Calatrava na Patek Philippe na 1932, duk kyawawa ne har su sa mutum ya yi shiru. Amma yawancinsu mita 30 ne da madaurin fata. Agogon ɗaurin aure da taro ne, ba na kullum ba.

In kuɗin bai kai can ba, Black Bay 58 na Tudor mai milimita 39 daga gida ɗaya yake da Rolex, Grand Seiko kuma, wanda ya fara a 1960, gogewar ƙarfensa ba ta jin kunyar kowane ɗan Suwizalan. Rado ma da iyayenmu alhazai suka saba dawowa da shi daga Makka ba a banza ya yi suna ba, DiaStar ɗinsa na 1962 an yi shi ne musamman don ya ƙi karcewa.

Mataki na 6: Inda za ka saya

Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma jabun yanzu ya ƙware. Da can ana gane shi da sauƙin nauyi ko da tsallen hannun daƙiƙa, yau kuwa akwai wanda sai an buɗe bayansa. Hanya mafi aminci ita ce kantin da kamfanin ya amince da shi, kuma kowane kamfani na da jerin sunayensu a shafinsa na intanet, ko a Legas kake, ko Dubai, ko Jidda. Rolex da Omega duk suna ba da garantin shekara 5. Ka tabbata an cike katin garantin da kwanan watan sayen, ka karɓi rasit da kwali da gutsattsarin madaurin da aka rage.

In na hannu za ka saya, ka fara binciken mai sayarwa kafin agogon. Lambar da ke jikin agogon ta yi daidai da ta katin. Ku tafi tare wurin mai gyaran da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba, ya buɗe ya duba injin, ya ɗora shi a na'urar awon bugu. Duba gefunan ƙarfen, in sun yi sulɓi sun rasa kaifinsu, an goge shi fiye da kima don a ɓoye wahalar da ya sha. Sabon Rolex na ƙarfe mafi araha ya haura dala 5,000, don haka wanda ya ce zai ba ka a rabin wannan saboda yana cikin matsi, gaishe shi ka wuce.

Mataki na 7: Tambayi kuɗin sabis kafin ka biya

Man da ke cikin inji na bushewa, robobin da ke tare ruwa na sandarewa, zafi kuma na gaggauta duka biyun. Rolex na ba da shawarar sabis kusan duk shekara 10, Omega shekara 5 zuwa 8, kuma kuɗin na kai ɗaruruwan daloli. Ka san tun yanzu inda za ka kai shi da wanda zai kai maka. Kada ka yarda mai canza batir a bakin hanya ya buɗe shi da wuƙa.

Da ka iso gida, saita shi da agogon wayarka, ka riƙa duba bambancin kowace safiya har mako guda, ka rubuta. In yana cikin abin da kamfanin ya yi alkawari, shi ke nan, in ya wuce, mayar da shi tun garantin na ɗanye. Kada ka canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, domin a yawancin injuna lokacin ne haƙoran canjin ke sarƙe da juna. Kuma duk sanda ka saita lokaci, murɗa kan nan ya koma ya ɗauru sosai kafin ka kai hannu ga buta.