Yadda Ake Taskace Waƙoƙin Daka da Niƙa Daga Bakin Iyayenmu Mata

Tun da injin niƙa ya shiga ƙauyukan Kano da Jigawa, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki a gidaje da yawa, waƙoƙin da mata suke rerawa a kansa kuma suka bi shi, domin yarinyar da ake aika wa inji da ƙwaryar surfe ba ta da inda za ta ji su balle ta haddace. Turmi da taɓarya suna nan da ransu, amma masu waƙar daka tsufa suke yi. Wanda yake son ya adana wani abu daga cikin wannan gado ba ya bukatar kayan aiki fiye da waya da littafi da biro, sai dai akwai hanyar da ya kamata ya bi.

Abin da za a fara kiyayewa shi ne, waƙar aiki a wurin aiki take fita. Idan aka zaunar da tsohuwa a kan tabarma, aka kara mata waya a baki, aka ce ta yi waƙar niƙa, to ko dai kunya ta hana ta, ko ta kawo baiti biyu ta ce sauran ya ɓace mata. Ba ƙarya take yi ba, domin jiki ne yake tuna wa baki: saukar taɓarya ita ce kiɗan, numfashin mai niƙa kuma shi yake yanka ɗango, wato layin waƙa. Saboda haka a jira lokacin da aikin yake da yawa, wato kaka, bayan an shigo da gero da dawa ana sussuka, ko kuma jajibirin biki ko suna, lokacin da matan unguwa suke taruwa su yi lugude, har wata ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe ba tare da ta saɓa wa sauran ba.

Kafin ranar, a nemi izini cikin ladabi. A gaida mai gida a zaure, sannan a sami babbar matar gidan a ce, "Inna, so nake jikokinki su ji irin waƙar da kuke yi a zamaninku, idan kin yarda zan ɗauka a waya." Namijin da ba muharrami ba kada ya ce sai ya shiga, ya ba ƙanwarsa ko matarsa wayar. Ni a ganina ko da ɗan gida ne, mace ta fi dacewa da wannan aiki, domin akwai baitocin da ba za a taɓa rera su a gaban namiji ba.

A ajiye wayar a kan faifai ko kujerar tsuguno, taku uku ko huɗu daga turmi, ta ɓangaren da mai bayar da waƙa take tsaye. Idan ta matsa kusa, ƙarar taɓarya za ta danne murya, idan kuma aka ɗora ta a ƙasa, girgizar dakan za ta shiga cikin sautin. Da zarar an kunna, a bar ta tana ɗauka, kada a tsayar don wata ta yi dariya ko akuya ta yi kuka.

Rubutawa ita ce inda aka fi ɓata aikin. A rubuta abin da aka ji yadda aka ji shi, da karin harshen garin, ko na ƙasar Haɗeja ne ko Gumel ko Kazaure, kada a mayar da shi daidaitacciyar Hausa ta makaranta, kada kuma a cike gurbin da aka ga kamar amo bai daidaita ba. A raba abin da mai bayarwa ta faɗa da abin da 'yan amshi suka amsa, a kuma kula da ƙ da ɗ da ɓ. Za a ci karo da kalmomin da matasa ba su sani ba, na kayan ɗaki da tufafi da abincin da aka daina yi. A fara tambayar mai waƙar ma'anarsu tun tana raye, sannan a duba ƙamusun Bargery na 1934 ko na Jami'ar Bayero na 2006. A ƙasan kowace waƙa a sa garin da shekarar da aka ɗauka, da irin aikin da ake yi, da wurin wadda mai waƙar ta koya.

Sai batun amana. Yawancin waƙoƙin nan habaici ne ga kishiya ko uwar miji, ko begen gida, ko kukan matar da miji ya tafi ci-rani ya daɗe, wani lokaci har da sunan mutanen da suke raye. Abin da mace ta amayar a kan dutsen niƙa ba don duniya ta ji ta yi shi ba. Kada a tura shi WhatsApp ko Facebook sai an kunna mata ta saurara ta amince, inda kuma ta ce a cire, a cire. Abin da ta amince da shi, a kwafe shi a memorin waya na biyu, a ba wani ɗan'uwa ya ajiye, littafin kuma a sa shi a akwatin ƙarfe saboda gara da ruwan damina.