Haɗa batir da sensa wa robot ɗin Arduino

A robot ɗin Arduino (ƙaramin allon da ake ɗora wa shiri don ya sarrafa robot), yawancin matsalar da ake ɗora wa lambobin shiri, wato code, daga wuta take. Saboda haka fara da batir.

Ajiye ƙaramin batir mai kusurwa huɗu na volt 9, ba ya iya ciyar da injinan taya. Nemi batir ɗin lithium 18650 guda biyu ka jera su kai da gindi: volt 7.4 ke nan, 8.4 idan sun cika. Ana buƙatar wannan rarar domin L298N, allon da ke tuƙa injinan taya, na cinye kusan volt 2 kafin wuta ta kai ga injin. Auna kowane batir da mitar auna volt tukuna. Cikakke yana nuna volt 4.2, kuma kada ka bari ya sauka ƙasa da 3.0. Idan daga tsohuwar laftof ka ciro shi ka ga bai kai 2.5 ba, ko rigarsa ta yage, rabu da shi. Wanda aka rubuta wa 9900mAh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) kuwa ƙarya ce, na kirki ba ya wuce wajen 3500. Allon caji na TP4056 batir ɗaya kawai yake caji. Biyu a jere sai da BMS na 2S (allon kare batir biyu a jere) da caja mai volt 8.4.

Raba wayar batir gida biyu bayan makunni, ɗaya zuwa L298N, ɗaya zuwa VIN, mashigar wutar Arduino. Dole GND ɗinsu, wato wayar negatif, ya haɗu, in ba haka ba injin zai riƙa yin abin da ya ga dama. Idan Arduino yana mutuwa ya sake tashi duk sanda taya ta motsa, wuta ce ke faɗuwa: sa kapasita 470µF a mashigar wuta, ka liƙa kapasita 100nF da dalma a kan ƙafafun kowane injin.

Sensa HC-SR04, mai aika sauti ya jira amonsa, yana aiki da volt 5, yana auna nisa daga santimita 2 zuwa 400. Ba ƙafarsa ta Trig bugun wuta na mikrosakan 10, ka raba lokacin da ƙafar Echo ta nuna (a mikrosakan) da 58, ka sami santimita. Bar tazarar milisakan 60 tsakanin awo da awo, kada amon baya ya rikita shi. Labule da soso suna shanye sautin, don haka gwada shi a gaban kwali. Mai amfani da allon ESP32 maimakon Arduino ya rage wutar Echo da resista 1k da 2k, domin ƙafafun ESP32 volt 3.3 suke ɗauka.

Sensa TCRT5000 mai bin layi ya zauna 'yan milimita sama da ƙasa. Hasken rana na ruɗa shi, sai ka murɗa ɗan kusoshin saitinsa a wurin da robot zai yi tafiya.