Yadda Ake Gyara Kafiretar Babur Mai Shan Mai Da Harbi A Salansa

Babur na zuƙar mai, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, ga warin fetur, kana sakin totur sai ka ji "fau! fau!" kamar bindigar hawan Sallah. Mai ne ya fi ƙarfin iska a kafireta, wato inda ake gauraya su kafin su shiga inji. Wanda bai ƙone a inji ba yana gangarowa salansa, zafi ya kunna shi a can.

Fara da fulogi. Kwance shi ka duba bakinsa. Baƙin toka busasshe, kamar gindin tukunya, mai ne ya yi yawa. Idan baƙin yana da maiƙo, hayaƙin kuma shuɗi ne, baƙin mai ne ke hawowa, aikin ringi ne, ka ƙyale kafireta. Goge fulogin, ka bar tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7.

Kada ka yi saurin kai sukundireba kan kafireta. Tabbatar cok, wanda ake ja don tayar da inji da sanyi, ya koma wurinsa, sannan ka buɗe iyakilina, wato matatar iska mai soso a ciki. A nan Katsina, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu kan toshe soson har ya yi tauri, musamman Boxer ɗin 'yan acaɓa masu shiga ƙauyuka. Wanke shi, bari ya bushe sarai, ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. Na takarda ba a wanke shi, sauyawa ake yi. Sau da yawa ciwon a nan yake ƙarewa.

In bai daina ba, bari inji ya huce, ka matsa nesa da wuta da mai shayi. Rufe makunnin mai, tsiyaye kofin da ke ƙasan kafireta, ka kwance shi. Za ka ga fulot, abin da ke yawo a saman mai, da 'yar allurar da ke tsayar da mai idan kofi ya cika. Girgiza fulot ɗin kusa da kunnenka: in ka ji ruwa a ciki, ya huje. Kalli tsinin allurar da kyau. In zobe ya fito a jikinsa, ta cinye, ba ta rufewa. Ƙwayar yashi guda daga man galan na bakin titi ma ta isa ta hana ta zama, shi ne za ka ga mai na ɗiga ta tiyon ƙasa. Sauya abin da ya lalace, ka sa matatar mai a tiyo.

Jet, wato 'yan ƙusoshi masu ramin da mai ke bi, biyu ne: babba da na silo (aikin inji ba a ja totur ba). Wanke su da fetur, ka hura musu iska. Don Allah kada a zura musu waya. Tagulla ce mai laushi, ramin na faɗaɗa, shan man ya zauna ke nan.

Doguwar allurar totur tana da gaɓoɓi, galibi 5, kilif na tsakiya. Ka hau da kilif ɗin gaɓa ɗaya sama, allura ta sauka, mai ya ragu. Gaɓa ɗaya tak, ka gwada.

Sai saitin ƙaramin sukurun da ke daidaita mai da iska. Ɗaure shi a hankali har ya taɓa, kada ka matse, sannan ka warware zagaye ɗaya da rabi. Idan yana ɓangaren iyakilina, na iska ne, warwarewa ke rage mai. Idan ta ɓangaren inji yake, ɗaurewa ke ragewa. Inji na zafi, riƙa juyawa kwata-kwatan zagaye har ka sami inda ƙarar ta fi tashi da santsi, sai ka daidaita silo kusan juyi 1,400 a minti.

Hau hanyar Daura ka yi kilomita 10, ka sake duba fulogi. Ana son launin shayi da madara. In ya yi fari fat, ragin ya wuce kima, inji zai yi zafi. In launi ya yi kyau amma harbin na nan, duba gasket ɗin wuyan salansa da robar da ke tsakanin kafireta da inji, iska na kutsawa ta can.