Jirgin Horten da jiniyar tsakar rana: abin da sabon zuwa Norway ya kamata ya sani

Ranar Laraba ce ta biyu a watan Janairu, ƙarfe 12 na rana, ina tsaye a tashar bas da ledar cefane a hannu, sai jiniya ta ɗauka ta ko'ina. Gabana ya faɗi. Na duba hagu na duba dama, kowa yana harkarsa, wata tsohuwa ma gyara wa jikanta hula take yi. Daga baya aka gaya mini gwaji ne, sau biyu ake yi a shekara, Janairu da Yuni. To ɗan'uwa, idan ka ji ta a wannan lokaci kada ka firgita. Amma ka san dalilin da ya sa mutanen nan ba sa wasa da ita, kuma hanya mafi sauƙi da na samu ta gane hakan ita ce labarin wani jirgin ruwan yaƙi.

Sunansa Olav Tryggvason, sunan sarkin da ya kafa birnin Trondheim a shekarar 997. A masana'antar sojan ruwa ta Horten, wani gari a bakin teku kudu da Oslo, aka ƙera shi, aka saka shi a ruwa a Disambar 1932, ya fara aiki a 1934. Aikinsa dasa nakiyoyi a teku don tare wa abokan gaba hanya, yana iya ɗaukar har 280, ga manyan bindigogi huɗu. Lokacin zaman lafiya kuratan hafsoshi ake koyarwa a cikinsa. A Nuwambar 1939, Norway ba ta shiga yaƙi ba tukuna, shi ne ya tare jirgin dakon kayan Amurka, City of Flint, a Haugesund, aka sauke Jamusawan da suka ƙwace shi, aka mayar wa masu shi.

Sai asubahin 9 ga Afrilun 1940. Jirgin yana ɗaure a cikin tashar Horten ana yi masa gyara, ƙananan jiragen Jamus biyu suka kutso cikin duhu ɗauke da sojoji. Kwamandan Olav Tryggvason, Briseid, ya buɗe wuta, tare da wani ƙaramin jirgin Norway mai suna Rauma. Suka hallaka ɗaya, wato R17, suka yi wa wani jirgin yaƙin Jamus mai suna Albatros rauni har ya ja da baya. A ruwa dai ba a ci su ba. Amma sojojin Jamus sun riga sun taka ƙasa, suka yi barazanar ruwan bama-bamai a kan garin da jama'arsa, kafin ƙarfe 8 na safe aka miƙa wuya. Wannan wurin ne yake taɓa mini zuciya duk lokacin da na tsaya a bakin tashar: mutane sun yi nasu, aka ce su ajiye makami saboda mata da yara. Jamusawa suka karɓe jirgin, suka sa masa suna Brummer, ya shekara biyar yana dasa musu nakiyoyi, har jiragen ƙawance suka ragargaza shi a Kiel a Afrilun 1945.

Daga wannan safiyar Norway ta shekara biyar a hannun mamaya. Za ka ji suna cewa "aldri mer 9. april", ma'ana kada irin wannan rana ta sake samun su ba shiri. Shi ya sa hukuma take shawartar kowane gida ya tanadi ruwa, abinci, magani, tocila da rediyo mai batir na mako guda. Ka yi, kada ka ɗauka tsoro ne. Mu da muka san ɗaukewar wuta da yankewar ruwan famfo, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jarka biyu da buhun shinkafa sun kai ka rabin hanya.

Idan 'ya'yanka suka zama 'yan ƙasa, saƙon rundunar soja zai zo musu suna wajen shekara 17, mace da namiji, domin tun 2015 dokar ta haɗa da mata. A amsa shi, wajibi ne, ko da ba kowa ake ɗauka ba. Mai shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa kuma ya riƙe 9 ga Afrilun 1940 da 8 ga Mayun 1945, ranar da mamayar ta ƙare.

Wani abu kuma ga masu zuwa kamun kifi ko kai yara bakin ruwa: har yau ana tsintar nakiyoyi da harsasan wancan yaƙi. Ka ga ƙarfe mai tsatsa da ba ka gane ba, kada ka taɓa, kada ka bar yaro ya ɗauka. Ja da baya ka kira 'yan sanda a 112.

Ka ware Asabar ɗaya ka je Horten. Daga garin Moss da ke tsallaken ruwa jirgin fito ne, wajen rabin awa. Gidan tarihin sojan ruwa yana Karljohansvern, tsohon sansanin sojan ruwa na Horten, tun 1853 yake, akwai jirgin ƙarƙashin ruwa a fili wanda yara ba sa gajiya da kallonsa. Ka duba lokutan buɗewa kafin ka fita, suna canjawa da hunturu, kuma ka sa riga mai kauri, iskar bakin tashar tana ratsa ƙashi.