Yadda Ake Gano Matsala Idan Faifan Windows Ya Ƙi Yin Butin a Kwamfutar Tebur

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke aiki a shagunan buga takardu na Yelwa da Gwallameji, da makarantu da ofisoshin cikin garin Bauchi, na hannu ne, irin waɗanda ake kira Beljiyam: HP Compaq, Dell OptiPlex, Lenovo ThinkCentre. Kusan dukkansu suna zuwa da diraib na DVD, shi ya sa har yanzu faifai bai bar aiki ba. Ranar da Windows ta lalace sai a zaro faifan da ke cikin durowa a saka, a kunna, kwamfuta ta wuce shi kamar babu komai a ciki. Abin da aka saba yi shi ne a ce faifan ya mutu, a tura yaro Wunti ya sayo wani. Sau da yawa sabon ma haka zai yi, domin tun farko ba faifan ne mai laifi ba.

Abu uku ne sai sun haɗu kafin butin, wato tashin kwamfuta daga faifai, ya yiwu: faifan kansa, diraib ɗin da ke karanta shi, da saitin BIOS da ke gaya wa kwamfuta inda za ta fara dubawa. Wurin da aikin ya tsaya shi ke nuna wanne ne ya gaza. Don haka kafin ka taɓa komai, kunna ta ka zuba wa sikirin ido, duk rubutun da ya fito ka ɗauki hotonsa da waya. Kuma ka riƙa canza abu ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na biyu, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ka san me ya gyara ta ba.

Mataki na farko: buɗe faifan a wata kwamfutar

Saka faifan a kwamfuta mai lafiya ka ga abin da ke ciki. Idan fayil ɗaya tak ka gani mai ƙarewa da .iso, wato fayil ɗin da ke ɗauke da kwafin faifan Windows gaba ɗaya, ka gano matsalar tun nan. Wanda ya yi bonin ɗin, wato rubuta faifan, kwafar fayil ɗin kawai ya yi, kamar yadda ake zuba wa'azi ko hotunan biki a faifai, kuma irin wannan ba zai taɓa yin butin ba. Faifan Windows na ƙwarai za ka ga folda irin su boot, efi, sources da support, da fayil mai suna setup da bootmgr. Gyaran ba wuya: ka danna fayil ɗin ISO da maɓallin dama na maus, ka zaɓi "Burn disc image", wanda yake cikin Windows tun daga Windows 7, ka sa alama a "Verify disc after burning" don ta sake karanta abin da ta rubuta. Idan da manhajar bonin ta ImgBurn kake aiki, rage gudun zuwa 4x ko 8x. Tsofaffin diraib sun fi iya karanta faifan da aka yi masa bonin a hankali.

Ka lura da girma. CD 700MB yake ɗauka, DVD na yau da kullum 4.7GB. ISO na Windows 11, da na ƙarshen Windows 10 da ake saukewa kai tsaye daga shafin Microsoft, sun wuce 5GB, ba za su shiga ba sai a DVD mai hawa biyu, mai 8.5GB, wanda aka rubuta DL a jikinsa.

Sai ka juya faifan ka duba bayansa a haske. Ƙura da shatin yatsa ana goge su da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba a zagaye ba. Faifan da aka manta a gaban mota a zafin watan Afirilu yakan lanƙwashe, ko ido bai gani ba, wannan sai dai a haƙura da shi.

Mataki na biyu: gaya wa kwamfuta ta fara da faifai

Idan faifan lafiya yake amma kwamfuta ta zarce tsohuwar Windows, ko ta rubuta "No boot device found", to ba ta ma duba diraib ɗin ba. Kashe ta, ka kunna, ka fara danna maɓallin zaɓin butin akai-akai tun kafin tambarin kamfani ya fito. A HP F9 ne, a Dell da Lenovo F12. Jeri zai bayyana, ka zaɓi wanda ke ɗauke da CD/DVD ko Optical Drive. Idan kana son canza tsarin ya zauna dindindin, sai ka shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkCentre, Delete a mafi yawan kwamfutocin da aka harhaɗa da hannu. Ka hau da diraib ɗin sama a jerin butin, ka yi sabin kafin ka fita.

Wani abu da ke wahalar da mutane: a saita yau, gobe a tarar saitin ya koma yadda yake, kwanan wata kuma ya koma shekarun baya. Wannan batirin madabod ne ya ƙare, ɗan zagayayye mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, mai volt 3. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Kwamfutar da ta shekara goma kafin ta iso Najeriya, ba abin mamaki ba ne batirinta ya gaji.

Mataki na uku: kibod

Faifan Windows yakan rubuta "Press any key to boot from CD or DVD" ya jira 'yan daƙiƙu. Idan ba a danna komai ba sai ya wuce. Idan kuwa kana dannawa ba ta ji, cire kibod daga ramin USB na gaba ka mai da shi na baya, baƙin rami ba shuɗi ba. Kibod marar waya ka ajiye shi gefe tukuna. In kwamfutar tana da tsohon rami mai zagaye mai launin shunayya, wato PS/2, aro irin wannan kibod, ka jona shi tana kashe, ka shiga BIOS ka kunna USB Legacy Support.

Mataki na huɗu: diraib ɗin kansa

A nan ne na fi samun mai laifi a tsofaffin kwamfutoci, musamman bayan hunturu, lokacin da ƙura ta shiga ko'ina. Saka faifai ka kasa kunne. Diraib mai lafiya zai juya, ƙararsa ta ƙaru, ta zauna daidai. Wanda ya gaji zai juya ya tsaya, ya sake juyawa, ya yi ƙas-ƙas, fitilarsa ta yi ta ƙiftawa har ya yi shiru.

Kada ka yaudaru da cewa ai jiya ya karanta wani faifai. Diraib na DVD ido biyu gare shi na leza, ɗaya na CD ɗaya na DVD, kuma ɗaya yana iya mutuwa ya bar ɗaya. Sai ka ga yana kunna CD lafiya lau amma ya ƙi DVD. Gwajin gaskiya shi ne ka ba shi wani DVD da ka tabbatar yana aiki. Ka kuma karanta rubutun gabansa, domin wasu tsofaffi CD-ROM ne kawai, ba su san DVD ba sam.

Idan diraib ɗin bai bayyana a BIOS ba kwata-kwata, maganar waya ce. Zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita, ka buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa kayan ciki. Waya biyu ke shiga bayan diraib: siririya ta SATA mai zuwa madabod, da mai faɗi ta wuta. Cire su ka mayar su zauna sosai. In bai yi ba, canza ramin SATA a madabod, ko ka ari wata wayar. Wasu BIOS ɗin, musamman na Dell, suna ba da damar kashe kowane ramin SATA daban, ka duba ko an kashe wanda diraib ɗin ke kai. Idan tiren ya ƙi fitowa, akwai ɗan ƙaramin rami a gabansa, ka miƙar da ƙarfen maƙala takarda ka tura a hankali, zai buɗe.

Mataki na biyar: UEFI da Legacy

Kwamfutocin da aka ƙera daga zamanin Windows 8, wato 2012 zuwa sama, suna da hanyar butin iri biyu: sabuwa, UEFI, da tsohuwa, Legacy ko CSM. Shi ya sa wani lokaci za ka ga diraib ɗaya ya fito sau biyu a jeri. Windows 10 da 11 masu 64-bit ka zaɓar musu UEFI. Windows 7 kuwa ba ta tafiya da Secure Boot, wani saitin tsaro da ke cikin BIOS, sai an kashe shi an kunna Legacy. A HP, bayan ka yi wannan canjin ta sake tashi, za ta nuna lamba huɗu ta ce ka buga su ka danna Enter. Mutane da yawa ba sa karantawa su wuce, canjin kuma bai kama ba, su yi ta mamakin abin da ya hana.

Ni dai ba na ba kowa shawarar Windows 7 a kwamfutar da ke shiga intanet. Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma ta bi sahu a 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro na kwamfuta, da aƙalla 4GB na RAM, ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, kuma a hukumance sai Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, abin da tsofaffin Beljiyam ba su da shi. Kwamfutar da buga takardu da shiga intanet ne kawai aikinta, Linux Mint za ta ɗauke ta, kyauta ce, kuma tana shiga DVD na yau da kullum.

Mataki na shida: ya fara, ya tsaya a hanya

Faifai ya tashi, an fara kwafa, sai ya maƙale a wani kaso ya fito da lamba. Idan 0x80070017 ce, bayanan da aka karanto daga faifai ne suka zo a lalace, faifai ko diraib ke nan. Haka saƙon da ke cewa "A required CD/DVD drive device driver is missing": mutane sukan bazama neman direba, wato manhajar da ke sarrafa diraib, a intanet, alhali galibi ISO ɗin ne bai sauka cikakke ba ko bonin ɗin bai yi kyau ba. Da irin netwok ɗinmu mai yankewa, wannan ba baƙon abu ba ne. Hanyar tabbatarwa ita ce ka buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin, za ta ba ka doguwar lambar SHA256, ka gwada ta da wadda ke shafin da ka sauko da shi. Harafi ɗaya ya bambanta, sake saukewa.

A kan wannan ina roƙonka, ɗan'uwa, ka guji faifan kasuwa da aka cusa Windows iri biyar a ciki. Ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba ka san abin da ya ƙara ba, kuma a kan wannan kwamfutar ɗalibai za su shigar da bayanan rajistarsu, wani ma ya buɗe asusun bankinsa.

Idan kuwa ka canza faifai, ka canza diraib, amma aikin yana tsayawa a wurare daban-daban, yau a nan gobe a can, ko ana samun 0x8007025D ko shuɗin sikirin, ka zargi RAM. Kashe, zare wuta, cire sandunan RAM ɗin daga madabod, goge haƙoransu masu ruwan zinariya da magogin fensir, hure ƙurar ramin. In guda biyu ne, gwada da ɗaya-ɗaya. Manhajar Memtest86+ tana tabbatar da lafiyarsu in ka bar ta ta zagaya. Kwamfutar da ke mutuwa ɗif a tsakiyar aiki kuma, duba fankarta da ƙurar da ta toshe ta, ka kuma tabbatar kana kan UPS ko janareta mai tsayayyar wuta kafin ka fara.

Mataki na bakwai: wurin zaɓen rumbun ajiya

Idan Windows ta tambayi rumbun ajiyar (hard disk) da za ta shiga, amma jerin ya fito wayam, duba wayoyin rumbun kamar yadda ka yi wa diraib, sannan ka shiga BIOS ka ga ko SATA yana kan RAID, ka mai da shi AHCI. Idan kuma ta ce ba za a iya sakawa ba saboda GPT ko MBR, hanyar butin da ka zaɓa ce ba ta dace da tsarin rumbun ba: UEFI da GPT take tafiya, Legacy da MBR. Abu mafi sauƙi shi ne ka sake kunnawa ka zaɓi ɗaya hanyar.

Za ka ji ana cewa ka danna Shift da F10, ka shiga diskpart ka rubuta clean. Yana aiki, amma yana share rumbun gaba ɗaya, har da ɓangaren D da mai ita ke ajiye kayansa. A shagon buga takardu wannan na iya zama furojet ɗin ɗaliban ATBU na shekara guda. Kafin ka yi, tambayi mai kwamfutar baki da baki, ka kwashe abin da ke ciki, ko da ta hanyar cire rumbun ne a jona shi a wata kwamfutar. Ka kuma zare duk wani rumbu ko filash da ba shi kake nufi ba, don kada ka zaɓi lambar wani rumbun daban a diskpart.

Idan diraib ya tabbata ya mutu

Ba sai ka sayi wani ba. Nemi filash mai 8GB ko fiye, ka kwashe abin da ke kansa domin za a goge shi, ka buɗe Rufus, manhajar da ke zuba ISO a filash don ya yi butin, ka zaɓi ISO ɗin, ka zaɓi GPT in UEFI za ka bi, MBR in tsohuwar kwamfuta ce mai Legacy kawai. Ya fi faifai sauri nesa ba kusa ba. Ka soka shi a ramin baya, ka bi maɓallin zaɓin butin kamar yadda aka yi a mataki na biyu.

Ko da faifai ko da filash, bayan an gama kwafa kwamfuta za ta sake tashi da kanta. Da faifai, saƙon "Press any key" zai sake fitowa, kada ka taɓa kibod wannan karon, ka bar shi ya wuce. In ka danna, aikin zai koma farko ka ɗauka bai yi ba. Da filash kuma, in ka ga ta dawo shafin zaɓen harshe, zare shi ka sake kunnawa, za ta ci gaba daga rumbun ajiya.